Brown Bess ta Italiya, ta Indiya, ko wadda za a haɗa maka daga guntaye: wacce ce ke gyaruwa har ta yi kama da ta asali?

Jama'a wannan magana ta masu son tsofaffin bindigogi ce, irin masu ƙanƙara ɗin nan da ake ɗura musu albarushi ta baki, wato kakannin bindigar toka da muke gani hannun mafarauta da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah. A Amurka da Ingila da Kanada da Faransa akwai ƙungiyoyi na mutanen da suke sa kayan sojan da, su fita fili su kwaikwayi yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775 zuwa 1783 ko yaƙin Watalu na 1815 inda aka ci Napoleon na Faransa da yaƙi, kuma tunda ba wanda zai ɗauki bindiga mai shekara 250 ya je yana jan ta cikin taɓo, sai ake ƙera sababbi masu kama da na da, musamman Brown Bess, wato bindigar sojan Ingila ta wancan zamani. Matsalar ita ce kusan babu wadda take fitowa daga kamfani daidai da ta asali, kowacce da nata aibin, shi yasa gyaran su ya zama sana'a guda mai zaman kanta, mutum ya sayi sabuwar bindiga fil ya miƙa wa maƙeri ya kankare ta ya sassaƙe ta har ta koma kamar wadda ta fito daga rumbun makaman sarkin Ingila.

To in kana cikin masu tunanin saye, ko don shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a can inda kake zaune, ko don fim, ko don gidan tarihi, hanyoyi uku ne a gabanka. Akwai ta kamfanin Pedersoli na Italiya, akwai waɗanda ake ƙerawa a Indiya, sannan akwai a sayi guntayen ƙarfe da aka zuba daga jikin ta asali a ba gwani ya haɗa. Akwai ta huɗu ma, tsofaffin na kamfanin Miroku na Japan, amma su an daina yin su, sai dai ka dace da na hannu. Ni abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kar ka tsaya tambayar wacce ta fi kyau ranar da aka buɗe kwali, ka tambayi wanne aibi ne zarto da sanfefa za su iya cirewa, wanne ne kuma ba zai taɓa fita ba komai kuɗin da ka zuba.

Amma kafin nan dole ka san shekarar da kake nufi, dan wallahi nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗi. Brown Bess ba bindiga ɗaya bace, suna ne da ya rufe samfura da yawa na sama da shekara ɗari. Ta farko da ake kira Long Land bututunta inci 46 ne, ita ce aka yi yaƙin Faransawa da Ingilishi a Arewacin Amurka da ita daga 1754 zuwa 1763, kuma na farkon farkonta sandar ɗurinsu ma ta katako ce, sai a samfurin 1756 aka koma sandar ƙarfe aka sa hular tagulla a ƙarshen ƙota. Sai Short Land mai inci 42 da aka fara ba sojan ƙasa wajen 1769, sai kuma India Pattern mai inci 39 wadda asalinta ta kamfanin East India ce, gwamnatin Ingila ta karɓe ta a 1797 saboda ta fi sauƙin ƙerawa kuma yaƙi da Faransa ya matsa ana buƙatar bindigogi da yawa cikin gaggawa. Duk faɗin bakinsu kusan ɗaya ne, wajen kashi 75 cikin ɗari na inci, amma fasalinsu ya bambanta sosai ga wanda ya sani. Short Land tana da 'yan bututun tagulla huɗu da sandar ɗuri ke shiga, India Pattern uku ne. Long Land da Short Land suna da wani ɗan faranti na tagulla a wuyan ƙota inda babban yatsa ke sauka, India Pattern bata da shi. Ko a cikin India Pattern ɗin ma mariƙin ƙanƙara na farko wuyansa lanƙwasasshe ne siriri, a 1809 aka canza shi zuwa mai zobe a maƙogwaro don ya daina karyewa. Kaga kenan wanda zai tsaya a matsayin sojan Watalu da wanda zai tsaya a matsayin sojan 1758 ba abu ɗaya suke nema ba sam.

Bari mu fara da ta Italiya tunda ita aka fi gani a fili. Pedersoli yana garin Gardone Val Trompia kusa da Brescia, tun 1957 suke wannan aiki, kuma garin dama garin maƙeran bindiga ne tun ɗaruruwan shekaru, a nan gidan gwajin bindigogi na ƙasar Italiya yake. Abin da kake biya kenan in ka sayi tasu, bututun an gwada shi a hukumance an buga masa hatimi, ƙotar katakon walnot ce kamar yadda ta asali take, kyastun, wato haɗin ƙarafan da ke sara ƙanƙara ya kunna albarushi, yana ba da wuta ba tare da wahala ba, kuma in wani sifirin ya karye ko sukuru ya ɓata zaka yi oda a kawo maka wani ya shiga wurinsa da ɗan gyara kaɗan ko ma babu. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, mutumin da yake fita fili duk shekara shi ya san darajar samun safaya.

Inda take da matsala kuwa, na farko rubutun da ke jikin farantin kyastu. An rubuta GRICE 1762. Grice ɗin mutum ne na gaske, William Grice, maƙerin Bamingam da yake yi wa gwamnati kwangila, kuma gaskiya ne a wancan lokacin ana rubuta sunan ɗan kwangila da shekara. Amma a 1764 aka daina hakan, aka koma rubuta TOWER kawai, wato sunan rumbun makaman sarki da ke Landan, babu shekara, ita kuma bindigar nan fasalin Short Land gare ta wadda ta zo bayan nan. Wasu suna kare ta da cewa ai akwai tsofaffin kyastu da suka kwana a rumbu aka zo aka ɗora su a kan sababbin bindigogi daga baya, kuma hujja ce mai ma'ana, sai dai in ka tara mutum 40 a sahu kowa da Grice 1762 a hannunsa to hujjar ta yi rauni. Gyaran bai da wuya ga gwani, ana goge rubutun a sassaƙa TOWER, a gyara kambin sarauta da haruffan GR na sunan sarki George da ke tsakiyar farantin, a buga ɗan kambi da kibiya a ƙarƙashin kaskon albarushi wanda shi ne alamar kayan gwamnati. Na biyu, a jikin bututu akwai rubutun zamani, sunan kamfani da lamba da gargaɗin baƙin albarushi kaɗai, wanda daga nesa ma ido yana kamawa in rana ta haska. Na uku ƙotar, injin ne ya yanka ta saboda haka an bar katako da yawa a gefen kyastu da kewayen wutsiyar bututu, gefuna sun yi faɗi sun yi kaifi inda na asali suke sirara a mulmule, sannan an shafa mata wani banish mai ƙyalli da ba shi da alaƙa da ƙarni na 18.

Duk waɗannan ukun suna gyaruwa, wannan shi ne abin da yasa nake ganin girmanta. Rigar da ta yi maka yawa tela zai rage ta ta zauna daidai, wadda ta yi kaɗan kuwa ba yadda za a yi da ita, to haka katakon da ya yi yawa yake, magagari da haƙuri kawai yake so. Abin da ba ya gyaruwa shi ne tsawon bututu. Inci 42 ne, ba zai zama 46 ba har abada, saboda haka in yaƙin 1750 da wani abu kake so ka kwaikwaya a matsayin cikakken sojan sarki to wannan bindigar bata wanzu ba tukuna a lokacin. Kai ko a 1775 ɗin ma da yawa daga rundunonin Ingila da ke Amurka Long Land ce a hannunsu. Ƙungiyoyi da yawa suna kau da kai su karɓi Pedersoli saboda ita ce ake samu, amma kau da kai daban, daidai daban.

Nan ne na Indiya suke shigowa da ƙarfinsu, kuma ina so a yi musu adalci dan ana yawan yi musu kuɗin goro. Su suna yin samfuran da Italiyawa basa yi ko basu cika yi ba, Long Land mai inci 46, India Pattern, ta sojan ruwa, tsofaffin na Faransa, har da na mahaya doki, kuma kuɗinsu sau da yawa wajen rabin ta Italiya ne ko ƙasa da haka. Dillalai irin su Loyalist Arms a Kanada da Veteran Arms da Middlesex Village a Amurka su suke shigo da su. Da hannu ake yin mafi yawan aikin, ana ƙera guntayen kyastu a maƙera a goge da zarto, wanda in ka duba haka ma na asalin aka yi su, shi yasa wani lokacin idan ka ajiye ta kusa da tsohuwa zaka ga girman kyastun da kaurin gindin ƙota sun fi kama da na da fiye da mai tsada.

Sai dai aikin hannu yana da fuska biyu. Ba biyu da suke fitowa iri ɗaya, wata zaka samu kyastunta lafiya lau, wata kuma sifirin ya yi tauri har yana farfasa ƙanƙara bayan 'yan harbi kaɗan, ko ƙarfen da ƙanƙara ke sara bai sha wuta yadda ya kamata ba sai ya ƙi ba da tartsatsi sai an sake taurara shi, kuma in abu ya karye ba zaka yi oda a turo maka ya shiga kai tsaye ba, sai maƙeri ya zauna ya dace da shi. Ƙarfen kuma suna goge shi da inji har ya zama kamar madubi, gefunan da ya kamata su fito sarai duk sun narke, rubutun ya shafe rabi. Wannan ana iya rage shi, a bi da sanfefa mai laushi a kashe ƙyallin, amma ƙarfen da inji ya riga ya cinye ba zai dawo ba.

Babban abin da ya fi damuna da su ta fuskar tarihi shi ne katakon. Mafi yawa ba walnot bane, tik ne ko wani katakon can yankin, yana da nauyi, yana da maiƙo a jikinsa, yana tsagewa in ana sassaƙa shi ba a bi a hankali ba, kuma zanen jijiyarsa daban yake. Ana kankare jan fentin da suke zuwa da shi a rage kaurin, a rina shi ya yi duhu, daga taku goma ba mai ganewa, amma wanda ya riƙe ta a hannu zai sani. In ka ce zaka canza ƙotar gaba ɗaya zuwa walnot kuwa, kuɗin katakon da na aikin sun cinye duk rangwamen da ka samu tun farko.

Sannan maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, lafiyar bututu. Da yawansu daga Indiya suke fitowa ba a huda musu 'yar ƙofar da wuta ke bi daga kasko zuwa cikin bututu ba, wato a takarda kayan ado ne ba makami ba, kuma ma'anar hakan ita ce ba su bi ta gidan gwaji na hukuma ba kafin su taso. Akwai mutane da yawa da suke harba su shekara da shekaru ba abin da ya faru, akwai kuma ƙungiyoyin da suka hana su kwata kwata, gardamar bata ƙare ba har yau. Ni dai matsayina ɗaya ne, dan Allah kar ka ɗauki abin huda ka huda da kanka a gida ka ce ka samu bindiga. A kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya kwance toshiyar gindin bututu ya duba zaren sukurunta, ya leƙa cikin bututun, sannan a kai gidan gwaji. A Ingila ma doka ce, ba a sayar da bindigar da za a harba sai ta bi ta gidan gwaji na Landan ko na Bamingam wanda aka kafa tun 1813. A Amurka babu irin wannan tilas ɗin, nauyin yana wuyanka ne kai da dillalinka, kuma ka tuna a sahu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, fuskar ɗan'uwanka tana dab da bututunka. Kuma ko wacce iri ka saya, baƙin albarushi kaɗai, garin harsashin zamani ko kaɗan ne zai iya fasa ta.

Hanya ta uku ita ce ta masu dogon numfashi. Akwai wurare irin The Rifle Shoppe a jihar Oklahoma da suke ɗaukar tsohuwar bindiga ta asali su kwafi kowane guntu nata su zuba shi da ƙarfe ko tagulla, har rubutun da ke jikin farantin yana fitowa yadda yake, Track of the Wolf a Minnesota su ma suna sayar da guntaye da bututu da katako. A nan zaka iya cewa samfurin 1742 nake so, ko na 1756, ko Short Land ta 1777 mai gajeren sifiri da sukuru biyu suna leƙowa a bayan mariƙin ƙanƙara, a baka ita ɗin tak. Babu rubutun da za a goge babu abin ɓoyewa, tun daga tushe daidai take. Amma fa abin da zai iso maka ba bindiga bace, tarin ƙarafa ne masu kaushi, sai an goge, an huda, an yanka zare, an taurara, an daidaita sifirin, an zaunar da kowane guntu cikin katako da kurfi, aikin watanni ne ga wanda ya iya, ga jiran guntayen su iso wanda shi ma yakan ja lokaci, kuma in ka haɗa da ladan gwani kuɗin yakan wuce na Pedersoli nesa. In ba ka taɓa haɗa kyastu ba kar ka fara koyo a kan wannan, ka biya a haɗa maka kyastun ko da kai zaka yi aikin katakon.

Miroku kuwa in ka samu mai lafiya a hannun wani ka duba ta da kyau, mutane suna yabon kyastunta da rashin nauyinta, ita ma Short Land ce saboda haka matsalar tsawon bututu tana nan, ga kuma wahalar safaya tunda an daina yi.

Wani abu da mutane ke mantawa, in ɓangaren Amurkawa zaka tsaya ba lallai Brown Bess ce ta dace da kai ba ma. Daga 1777 Faransa ta turo musu bindigogi masu yawa, waɗanda ake kira Charleville da sunan ɗaya daga garuruwan da ake ƙera su, akwai kuma Maubeuge da Saint-Étienne. Bakinsu ya fi ƙanƙanta, kashi 69 cikin ɗari na inci, kuma zobban ƙarfe uku ne suke riƙe bututu da ƙota maimakon 'yan ƙusoshin da Ingilishi ke sokawa, shi yasa kwance ta don wanki ya fi sauƙi, kuma ita Amurka ta kwaikwaya ta yi bindigarta ta Springfield a 1795. A nan ma akwai tarko, samfurin 1763 da 1766 su ne na hannun Amurkawa, samfurin 1777 mai kaskon tagulla da ɗan rami a gefen gindi inda kunci ke kwanciya na sojan Faransa ne, ita da gyararriyarta ta zamanin Napoleon. Pedersoli suna yin duka biyun, kuma a ganina gyaran 1766 ɗinsu ya fi na Bess sauƙi dan ba ka da rigimar shekara a jikin faranti, ka cire rubutun zamani, ka rage katako, ka canza shafin mai, in kana so ka buga US a jiki kamar yadda majalisar Amurkawa ta ba da umarni a 1777 don hana sojoji gudu da kayan gwamnati.

Yanzu kan shi kansa gyaran, akwai kuskuren da yake ci min rai sosai, wato tsufantar da bindiga da gangan. Sai ka ga mutum ya sa mata ruwan batir ko gishiri ta yi tsatsa, ya bubbuga ƙotar da sarƙa, wai don ta yi kama da ta gidan tarihi. Ta gidan tarihi shekara 250 ne suka mayar da ita haka. Sojan da ya riƙe ta a 1777 sabuwa ko mai 'yan shekaru ya riƙe, kuma aikinsa ne kullum ya goge bututun da garin jan bulo da mai har ya yi fari tas, tagullar tana walƙiya, in ya bari ta yi tsatsa hukunci ne. Saboda haka farin ƙarfe ake so, amma farin gogen hannu mai ɗan dishi dishi, ba ƙyallin inji ba. Ƙotar kuma a kankare banish ɗin kamfani a bi ta da man linsid ko banish na mai irin na da, shafi bayan shafi ana bari yana bushewa, launin ya fito ruwan ƙasa mai duhu. Wasu ƙananan abubuwa kuma suna ƙara mata gaskiya ba tare da kashe kuɗi sosai ba, a canza zobban maratayi in sun yi sirara, a sa maratayin farar fata, a daidaita bakin banati ya zauna daram a kan ɗan ƙarfen da ke saman bututu, wanda mutane ke ɗauka abin saiti ne alhali don riƙe banati aka yi shi. Lambar runduna da ta kamfanin soja a ɗan farantin wuya kuwa kar ka sassaƙa sai ka tabbata a wace ƙungiya zaka zauna, dan in ka canza sheƙa sai ka sake faranti.

Har ƙanƙarar ma tana da tarihinta. Baƙar ƙanƙarar Ingila mai kusurwa huɗu da kowa ke sawa yanzu daga garin Brandon take a yankin Suffolk, kuma sana'ar fasa ta a can sai wajen 1790 ta kankama, saboda haka ta dace da Watalu amma ga yaƙin Amurka ƙanƙarar Faransa mai ruwan zuma ta yankin Meusnes ta fi dacewa, sojojin ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da ita. Ita wannan ta Brandon ɗin ce aka ci gaba da lodowa zuwa Afirka ta Yamma har cikin ƙarni na 20 bayan Turawa sun daɗe da daina amfani da ita, saboda masu bindigar toka na nan yankin suna saye, kamar yadda tsofaffin bindigogin Tower da aka sallama bayan yaƙin Napoleon da na kasuwa da Bamingam da garin Liège na Beljiyam ke ƙerawa suka yi ta shigowa ta bakin teku.

Batun goge lamba da hatimi kuma a yi hattara ƙwarai, nan ba wurin bin maganar wani a intanet bane. A dokar tarayyar Amurka bindiga mai ƙanƙara tana cikin rukunin kayan da, shi yasa maƙera a can suke goge rubutun su mayar da lambar ƙarƙashin bututu inda katako ya rufe, duk da haka wasu jihohin suna da nasu ƙa'idojin. A Ingila kuwa sabuwar ƙira makami ce mai lasisi, lambarta tana cikin takardarka, hatimin gwajinta kuma shi ne shaidar lafiyarta, in ka goge ka jawo wa kanka magana. Ko inda doka ta yarda ma ni ina ganin wajibi ne a bar alamar zamani a ɓoye a ƙarƙashin bututu da cikin farantin kyastu, sunan wanda ya gyara da shekara, saboda bindigar da aka gyara da kyau bayan shekara 30 tana shan hannu wani zai iya sayar wa bayin Allah ita a matsayin ta asali, kuma wannan zalunci ne ga mai saye da kuma tarihin kansa. Abu ɗaya da zaka haƙura da shi ko da bai yi kama da na da ba shi ne ɗan garkuwar tagulla da ake ɗaurawa a gefen kasko don kar wuta ta fesa wa na kusa da kai, yawancin ƙungiyoyi basa barin ka shiga sahu babu shi, kuma suna da gaskiya.

To wacce zaka ɗauka? In harbi zaka yi da gaske, kana fita fili akai akai, kuma shekarunka daga 1770 ne zuwa sama, ni Pedersoli zan ce maka, ka yi amfani da ita shekara guda yadda take ka san ta, sannan ka tara kuɗi ka kai a gyara ƙota da faranti, dan duk aibinta na sama sama ne, abin da ke ciki lafiyayye ne. In Long Land ko India Pattern kake buƙata kuma aljihu bai kai na haɗawa ba, ta Indiya ce mafita, amma daga dillalin da yake buɗe kowacce ya duba ya kuma tsaya a bayan kayansa, kuma ka lissafa kuɗin maƙeri da na gwaji a cikin farashin tun kafin ka ce ta yi araha. In kai mai bayani ne a gidan tarihi ko wani tsohon sansani inda mutane ke matsowa su taɓa su yi tambaya, ko kuma ka riga ka san wannan abin zaka yi shi har tsufa, ka daure ka jira a haɗa maka daga guntaye, sau ɗaya zaka biya. Kuma kafin duk wannan ka tambayi ƙungiyar da zaka shiga me suke karɓa, da yawansu suna da ta aro da suke ba sabon shiga.

Ga 'yan fim da masu gidan tarihi a nan gida Najeriya kuwa lissafin ya juye. Kyamara bata san tik daga walnot ba in an rina shi da kyau, kuma bakwa buƙatar abin da zai tashi, hayaƙi da ƙara ana sa su daga baya a kwamfuta, saboda haka ta Indiya da ba a huda ba ita ta fi dacewa, a kashe mata ƙyalli a rage katakon shi kenan. In labarin na ƙasar Hausa ne a ƙarni na 19 ku nemi fasalin India Pattern ko doguwar bindigar kasuwa, su ne irin waɗanda suka fi shigowa yankin nan, ba Charleville mai sheƙi ba. Sai dai ku sani dokar makamai ta Najeriya ta ambaci bindigar toka da mai ƙanƙara da sunansu a cikin waɗanda ake nema wa lasisi wajen 'yan sanda, kuma jami'in kwastan abin da idonsa ya gani zai bi, ba zai tsaya neman ko an huda ƙofar wuta ko ba a huda ba, saboda haka a fara zuwa wajen hukuma a samu izini a rubuce kafin a tura wa kowa ko sisi.